Allurar rage ƙiba: a ciki take aiki ko a ƙwaƙwalwa?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da likita ya ɗora ni a kan allurar Ozempic saboda ciwon suga, sau ɗaya nake yi a mako. Suga ya sauka, alhamdu lillahi, jiki ma ya ragu. Amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Ni tun ina budurwa abinci bai taɓa barin raina ba. Ina karin kumallo ina tunanin abin da za a ɗora da rana. In na san akwai ragowar cincin a ɗaki, ba ni da sukuni sai na ga bayansa. To tun mako na uku da fara allurar, abin nan ya ɗauke ɗif, kamar an kashe janareton maƙwabta da tsakar dare. Shekaranjiya aka aiko mana da dambun nama daga gidan suna, na ɗan taɓa na miƙa wa yara, kuma ban sake tuna shi ba sai da safe.

An ce mini daga wani sinadari na hanji aka kwaikwayo maganin. To me ya haɗa hanji da tunanina? Shiga ƙwaƙwalwa yake yi? In yana shiga, me yake taɓawa a can? Abin ya yi mini daɗi, kuma ya ɗan ba ni tsoro.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, babu ruwansa da ƙwaƙwalwa. Abinci yake riƙewa a tumbi ya daɗe bai wuce ba, shi ya sa kike jin kin ƙoshi. Wanda cikinsa ke cike ai ba ya tunanin tuwo.

Ummu_Sadiq:
Maman Hanif, wallahi kamar kin shiga zuciyata. Ni Mounjaro nake yi, allura ce 'yar'uwar taki, wata bakwai. Abin da na fi lura da shi lemon kwalba ne. Da sai na sha biyu a rana, yanzu yana cikin firji ina kallonsa kamar ruwan famfo. Ba haƙuri nake yi ba, son ne babu.

Dakta_Mai_Suga:
Malam Bakatsine, rabin maganarka gaskiya ce. Maganin yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, musamman a makonnin farko. Sai dai da allurar mako-mako wannan jinkirin yana raguwa idan jiki ya saba, amma rashin sha'awar abinci yana nan. Da tumbi ne kaɗai, da bayan wata biyu yunwa ta dawo yadda take.

Hajiya, ga yadda abin yake. A bangon ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji akwai wasu ƙwayoyi da ke sakin sinadari mai suna GLP-1 idan abinci ya iso. Yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke saukar da suga, lokacin da suga ya hau, kuma yana aika saƙo sama cewa an ci. Wanda jikinmu ke yi ba ya daɗewa, cikin kamar minti 2 wani sinadarin da ake kira DPP-4 ya sassare rabinsa. Wanda ke cikin allurarki, semaglutide, an yi masa gyara ta yadda ba a saurin sassare shi, kuma yana maƙale wa furotin ɗin da ke yawo a jini. Sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Wato saƙon da jiki ke aikawa na ɗan lokaci bayan cin abinci, ke yanzu dare da rana yana isa. Kuma eh, yana isa wasu sassan ƙwaƙwalwa. Tun 1996 masu bincike a Landan suka zuba GLP-1 kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye masu jin yunwa, suka ga sun rage ci sosai.

Bakatsine77:
To Dakta, ba an ce ƙwaƙwalwa tana da katanga da ke hana magani shiga daga jini ba? A makaranta haka aka koya mana.

Ɗalibar_Fisiyoloji:
Yallaɓai Dakta, a ba ni dama in sa baki, a nan karatuna yake.

Katangar tana nan, Malam Bakatsine, kuma semaglutide ba ya ratsa ta ya bazu ko'ina. Amma katangar gari ma tana da ƙofofi. Akwai 'yan wurare a ƙwaƙwalwa da aka halitta jijiyoyin jininsu a sake, don ƙwaƙwalwa ta riƙa ɗanɗana abin da ke cikin jini. Ɗaya yana can ƙasa wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka. Wani yana gindin haifotalamas, sashen da ke kula da yunwa da ƙishi da zafin jiki. A 2020 an wallafa wani bincike da aka liƙa wa semaglutide alama mai haske aka yi wa ɓeraye, sai aka gan shi ya taru a waɗannan ƙofofin da kewayensu. Daga nan ƙwayoyin jijiyar da ya taɓa su ne ke miƙa saƙon zuwa can ciki inda shi bai kai ba.

Yadda yake taɓa su kuwa kamar makulli ne da kwaɗo. A jikin wasu ƙwayoyin jijiya akwai kwaɗon da GLP-1 da makamantansa ke buɗewa. In ya buɗe, yanayin lantarkin ƙwayar yana canjawa, sai ta riƙa harba saƙo akai-akai fiye da da.

A gindin haifotalamas akwai rukuni biyu da ke jan igiya. Na farko ana ce musu POMC, in suka motsa mutum ya ji ya isa haka. Na biyu AgRP, su ne masu kururuwar yunwa. A 2011 an yi gwaji a Amurka inda aka kunna ƙwayoyin AgRP da haske a kan ɓeran da ya riga ya ƙoshi, cikin 'yan mintuna ya koma kan abinci yana ci kamar ya kwana da yunwa. Maganin nan yana zaburar da POMC kai tsaye, sannan ya bi ta wasu ƙwayoyi na tsakiya ya sa AgRP su yi shiru. Anti Maman Hanif, janareton da kika ce an kashe, kusan shi ke nan.

Maman_Hanif:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Na karanta sau biyu. Kin san abin da ya tsaya mini a rai? Ɓeran nan da ya ƙoshi amma aka kunna masa abu ya koma ci. Shekara ashirin ina jin ana ce mini zari ne da rashin haƙuri, ni ma har na yarda.

Abu_Zango:
Ni fa a nan ne ban gamsu ba. Kada mu mayar da komai laifin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Annabi (SAW) ya koya mana a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Iyayenmu sun bi wannan ba tare da allura ba. In kowa ya ce ƙwayoyinsa ne ke kururuwa, ina tarbiyyar kai ta tafi?

Malama_Zainabu_Zariya:
Malam Abu, babu wanda ya ce a ajiye tarbiyya. Amma ka dubi gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya. Wani yaron zai ci rabin malmala ya tashi ba wanda ya ce masa tashi, wani sai an janye kwanon yana kuka. Tun kafin su san mene ne haƙuri bambancin yake. Jarrabawar kowa ba nauyi ɗaya ba ce. Wanda Allah ya sauƙaƙa wa ya gode, kada ya ɗauka ƙoƙarinsa ne kaɗai. Kuma iyayen namu da kake faɗa, gona suke zuwa a ƙafa, ba a sayar musu da lemon kwalba a kowace kwana.

Abu_Zango:
Na ji wannan, Malama. Abin da nake gudu shi ne yarinya mai lafiya lau ta je ta sayi allura don biki ya matso.

Malam_Mai_Kemis:
Abin da kake gudu ya riga ya faru. A shagona a wata ɗaya sai in samu mata uku ko huɗu suna tambayar allurar ramewa, babu takardar likita, wata ma ba ta da ƙibar da za a rage. Ba na sayarwa. Abin mamaki, a kan teburin nan dai shekara da shekaru ake zuwa tambayar sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin aure. Kuma bari in gaya muku, shi ma wannan a ƙwaƙwalwa yake aiki. Ɗaya daga cikin magungunan da ake haɗawa a ciki, cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne, amma yana toshe wasu kwaɗunan a haifotalamas ɗin da ɗalibarmu ta ambata, sai ci ya buɗe. Gida ɗaya ake ƙwanƙwasawa, wannan ya ce a ci, wancan ya ce a bari.

'Yar_Damagaram:
Ni tambayata a kan tashin zuciya ce. Yayata ta fara, sati biyu tana amai, ko warin miya ba ta so. Ta daina. Mijinta ya ce dama ai haka maganin yake ramar da mutum, ya sa maka ƙyamar abinci har ka rame. Haka ne?

Ɗalibar_Fisiyoloji:
Yaya, wannan tambayar masana ma sun daɗe suna yin ta, kuma a 2024 aka samu amsa mai kyau daga cibiyar bincike ta Monell da ke Filadelfiya a Amurka. Ƙofar nan ta wajen ƙeya da na faɗa, wurare biyu ne maƙwabtan juna. Ɗaya shi ne mai gadin guba: in ya ɗanɗana wani abu a jini da bai yarda da shi ba, shi ke tayar da zuciya. Ɗayan, wanda ake taƙaita sunansa da NTS, shi ke karɓar labari daga tumbi da hanji ta wata doguwar jijiya da ta taso tun daga ciki. Duka biyun suna da kwaɗon GLP-1.

Sai suka leƙa ƙwayoyin a ɓeraye masu rai, suna kallon wacce ke motsi da me. Na NTS sun fi motsawa idan abinci ya shiga. Na mai gadin guba kuwa suna amsa duka biyu, abinci da abin da ke tayar da zuciya. Da suka kunna na NTS kaɗai, ɓera ya daina ci ba tare da alamar ƙyama ba. Da suka kunna na mai gadi, ya daina ci amma da ƙyama mai tsanani. Abin da ya fi muhimmanci, da suka toshe hanyar ƙyamar, maganin bai fasa rage ci ba. Ashe ƙoshi da tashin zuciya hanya biyu ce daban, maganin yanzu ne dai ke taka duka biyun. Don haka maganar mijin yayarki ba ta cika ba. Akwai masu ramewa da ba su taɓa yin amai ba.

Bakatsine77:
Tsaya. Ɓera zai gaya miki zuciyarsa na tashi ne?

Ɗalibar_Fisiyoloji:
Tambaya mai kyau, domin ɓera ko amai ba ya iya yi. Dabarar ita ce a ba shi wani sabon ɗanɗano da yake so, a bi shi da abin da ake gwadawa. In washegari ya guji ɗanɗanon, an san ya ji ba daɗi. Kamar mutumin da ya ci wani abinci ya kwana yana amai, ya shekara ba ya son ko ganinsa.

Dakta_Mai_Suga:
'Yar Damagaram, ki tambayi yayarki da wane awo ta fara. Ƙa'idar Ozempic a fara da 0.25 na miligiram tsawon mako 4 kafin a ƙara, don mai gadin nan ya saba a hankali. Da yawa daga waɗanda na gani suna galabaita, da babban awo suka fara saboda gaggawa, ko kuma suna cika ciki da maiƙo kamar da. A rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya, a rage soye-soye, a daina kwanciya da an gama ci. Amma amai da ba ya tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, wannan na asibiti ne a ranar, domin maganin yana iya taɓa pankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, kuma saurin rama na kawo tsakuwa a madaciya.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da na lura, tun kafin in kai loma baki nake jin kamar na ci rabi. Ina zuba abinci a faranti ina jin ya yi mini yawa. Wannan ai ba daga tumbi ba ne tunda ba abin da ya shiga.

Ɗalibar_Fisiyoloji:
Anti Ummu, shi ma an duba. A 2024 wata tawaga daga Koriya ta Kudu da Amurka ta nuna wasu ƙwayoyi masu kwaɗon GLP-1 a wani ɓangaren haifotalamas da ke motsawa tun daga ganin abinci, kafin a haɗiye komai, kuma su ma suna danne AgRP. Maganin yana ƙara musu kaifi. A mutane kuma, tun 2014 aka yi gwaji a Amsterdam: aka sa masu ƙiba a na'urar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu hotunan abinci, sai aka ga sassan da ke kula da kwaɗayi sun rage motsi idan an ba su irin wannan maganin.

Nas_Hauwa_Ingila:
Bari in ƙara wani abu daga wurin aiki. A nan marasa lafiya da yawa suna gaya mana da bakinsu cewa tun da suka fara allurar giya ta fita daga ransu, wasu taba. Da farko labari ne kawai na baka. A farkon 2025 aka wallafa wani ƙaramin gwaji daga Jami'ar North Carolina, mutum 48 masu matsalar shan giya, mako 9. Waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage marmarin giyar da yawan abin da suke sha a zama ɗaya, fiye da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki. Dalilin da ake bayarwa shi ne hanyar dofamin, wadda ke sa rai ya biya wa abu ya nace, ita ma tana da alaƙa da ƙwayoyin GLP-1. Mutum 48 ba su isa a kafa hukunci ba, shi ya sa ake manyan gwaje-gwaje yanzu.

Abu_Zango:
To in haka ne, yaranmu da ƙwaya da sholisho suka lalata fa? Ba za a gwada musu ba?

Dakta_Mai_Suga:
Malam Abu, babu wata hukumar magunguna da ta amince a yi amfani da shi don shaye-shaye. Kada wani uba ya karanta wannan ya je ya saya wa ɗansa. Yaron da ƙwaya ta riga ta ramar, ka ƙara masa abin da zai hana shi ci, ka ga an ƙara wa Borno dawaki.

Ɗan_Gwandu:
Ni tsorona daban ne, kuma shi ne na ga Maman Hanif ta taɓo a farko ba wanda ya amsa. In maganin yana rage son abinci da son giya, ba zai rage son komai ba? Matata ta yi wata biyar a kai. Ta rame yadda take so. Amma akwai lokacin da na ga kamar ba ta ɗokin komai, ko zuwa gidansu da take ƙirga kwanaki a kai. Da aka rage mata awo ta dawo daidai. Ban ce maganin ne ba, abin da na gani na faɗa.

Dakta_Mai_Suga:
Ka kyauta da ka faɗa, kuma ka kyauta da kuka koma wurin likita. Abin da aka bincika sosai shi ne batun tunanin kashe kai, bayan wasu rahotanni a 2023. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba bayanan, a watan Afrilun 2024 ta ce ba ta ga hujjar cewa maganin ne ke jawo shi ba. Hukumar Amurka ma a Janairun shekarar ta faɗi makamancin haka. Wannan hukunci ne a kan jama'a da yawa, bai hana a saurari mutum ɗaya ba. Sannan ka tuna wanda cinsa ya ragu ƙwarai yana iya zama cikin kasala saboda ƙarancin abin da ke shiga jiki da ƙarancin ruwa. Duk wanda ya ga yanayinsa ya canja, ko na gida suka gani, a faɗa wa likita da wuri. Mai tarihin ciwon damuwa ya faɗa tun kafin a fara.

Maman_Hanif:
Ni kam ban ji haka ba, Malam Ɗan Gwandu. Hasali ma sai na ga kamar an ba ni fili a kai. Lokacin da nake ɓatawa ina saƙa abin da zan ci, yanzu hadda nake yi da shi. Amma zan sa ido, zan kuma ce wa maigidan ya sa.

Bakatsine77:
Wani ya tura mana a wani zaure cewa daga dafin ƙadangare aka yi shi. Gaskiya ne ko irin labaran nan ne?

Malam_Mai_Kemis:
Akwai ƙamshin gaskiya. Na farko a dangin, exenatide, an kwaikwayo shi ne daga wani sinadari da ke cikin dafin wani ƙadangare mai suna Gila da ke hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Wani likita a New York, John Eng, ya gano shi a farkon shekarun 1990, aka amince da maganin a 2005. A masana'anta ake haɗa shi, ba tatsar ƙadangare ake yi ba. Semaglutide kuwa daga GLP-1 na ɗan Adam aka kwaikwayo shi, kamfanin Novo Nordisk na Denmak ke yi. Ozempic ya samu amincewa a Amurka a 2017 don suga, Wegovy a 2021 don ƙiba, kuma magani ɗaya ne a ciki, awo ne ya bambanta. Mounjaro na Anti Ummu na kamfanin Eli Lilly ne, 2022, shi kwaɗo biyu yake buɗewa, na GLP-1 da na wani sinadarin hanjin da ake kira GIP.

Hajiya_Babba_Jos:
'Ya'yana, ni tsohuwa ce, tambaya ɗaya gare ni. Maigidana mantuwa ta fara kama shi. Ɗanmu ya ce ya ji wannan allurar tana gyara ƙwaƙwalwar tsofaffi. In saya?

Nas_Hauwa_Ingila:
Mama, kada ki saya don wannan. An sa rai sosai, domin a dabbobi an ga yana rage kumburi a ƙwaƙwalwa. Sai aka yi manyan gwaje-gwaje biyu da kusan mutum 3,800 masu farkon cutar mantuwa ta Alzheimer, aka ba su semaglutide na haɗiya. A Nuwamban 2025 kamfanin da kansa ya sanar cewa bai rage saurin cutar ba. A cutar karkarwa ta Parkinson ma haka aka yi ta faɗi-tashi: wani gwaji a Faransa da wani maganin na wannan dangin a kan mutum 156 ya ba da ɗan fata a 2024, amma wanda aka yi a nan Ingila da exenatide, mutum 194, ya fito a 2025 babu wani amfani. Kuma tsoho in ya daina ci, naman jikinsa ke zubewa, ƙafa ta yi rauni, faɗuwa ta zo. Ki kai Baba a duba shi, akwai abubuwan da ke kawo mantuwa waɗanda ake magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo.

Hajiya_Babba_Jos:
Allah ya saka da alheri 'yata. Za mu je.

Ummu_Sadiq:
Dakta, mu dawo kan tambayar farko. Tunda yana canja yadda ƙwayoyin ke aiki, in mutum ya yi shekara ya daina, sun gyaru ke nan?

Dakta_Mai_Suga:
A'a Hajiya, kuma wannan ne abin da nake so kowa ya sani kafin ya fara. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, mutum 1,961, waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Da aka bi wasunsu bayan an tsayar da allurar, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo. Makullin ne ke riƙe da kwaɗon a buɗe. In ka zare shi, bayan 'yan makonni ƙwayoyin AgRP sun koma bakin aikinsu, kuma sun tarar da jikin da ya rame, wanda a wurinsu alamar fari ce. Kamar maganin hawan jini ne, yana aiki muddin ana sha. Wannan ya amsa tsoron Maman Hanif ta wani gefen, ba sauya miki ƙwaƙwalwa ya yi har abada ba. Ta ɗaya gefen kuma magana ce ta aljihu.

Bakatsine77:
Aljihun ne ai matsalar. Biron allurar, wato abin da take zuwa a ciki, guda ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Wa zai iya wannan shekara da shekaru?

Malam_Mai_Kemis:
Tsadar ce ta buɗe wa 'yan jabu ƙofa. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Brazil da Ingila da Amurka. A Ostiriya a 2023 an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi wa kansu jabu, wanda ake zargin insulin aka ɗura a ciki, suga ya faɗi warwas. In ƙasashen nan an shigar musu, mu fa? Kada a saya a hannun mai talla a Instagram ko WhatsApp. Sannan zafi. Wanda ba a fara ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ozempic da aka fara yana iya kwana 56 a waje in zafin bai wuce digiri 30 ba. Ku tuna yadda ɗakunanmu suke a watan Afrilu, ga wuta ba tsayawa take ba. Kada kuma a sa shi a wurin ƙanƙara, in ya daskare ya lalace.

Malama_Zainabu_Zariya:
Ni abin da ya fi damuna a maganar aljihun, mai ciwon suga da ƙoda ko zuciya, wanda shi ne ya fi buƙata, shi ne ba ya samu. An ce a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan magunguna a jerin magungunan dole saboda irin waɗannan marasa lafiya. Allah ya sa hakan ya karya farashin.

'Yar_Damagaram:
Na tambayi yayata. Dakta ka canka, da miligiram 1 ta fara, wata ƙawarta ce ta ba ta biron. Na tura mata abin da ka rubuta. Wata tambayar: tana neman haihuwa, ko ta koma?

Dakta_Mai_Suga:
Kada ta koma. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki kuma ana so ta daina semaglutide aƙalla wata 2 kafin nan, saboda daɗewar da yake yi a jiki. Haka wanda a danginsu akwai wani nau'in kansar maƙoƙo da ake gado. Kuma ba a karɓar biron wani, ko da an canja tsinken.

Maman_Hanif:
Na gode muku duka, na samu fiye da abin da na zo nema. Malam Abu, ban manta da maganarka ba. Ni dai abin da na gani, rabon ciki uku da na yi shekaru ina fama in cika na kasa, yanzu nake iya shi, kuma ina roƙon Allah ya sa in saba kafin ranar da kuɗin allurar zai gagare ni. Saura tambaya ɗaya Dakta: azumi. Ranar Talata da safe nake yin allurar, kuma ina shan metformin da wata ƙaramar ƙwaya, glibenclamide.

Dakta_Mai_Suga:
Allurar ki mayar da ita dare bayan buɗa-baki, tunda ba ta da ƙayyadajjen lokaci a yini, kin huta da saɓanin malamai. Ita kaɗai ba ta cika faɗar da suga ba, domin sai suga ya hau take sa a saki insulin. Glibenclamide ɗin ce abin dubawa, ita ba ta tambayar ko kin ci ko ba ki ci ba, ga shi kuma cinki ya ragu. Ki je wurin likitanki wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a duba ko za a rage ta ko a canja, kuma kada a ƙara miki awon allurar a cikin watan. Ki tilasta wa kanki sahur da ruwa ko ba kya jin buƙata.

Ummu_Sadiq:
Sahur ɗin nan shi ne aiki. Bara ƙararrawa na riƙa sawa, ba don in tashi ba, don in tuna in ci. Kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai biyu ne suka fi shigar mini, sai ruwa kofi uku a hankali kafin kiran assalatu.